Ku Daina Kashe Masu Gadin Gona

Manomin tumatir a Kadawa ko a fadamun Haɗeja ya san ciwon: shuka ta yi yaushi da rana alhali ruwa ya wadata, a tumɓuke ta a ga saiwa duk ƙulle-ƙulle. Aikin wata tsutsa ce da ido ba ya gani, masana na kiranta Meloidogyne. Macenta kan zauna cikin saiwa ta zuba ƙwai ɗaruruwa, kuma a zafi irin namu wata guda ya ishi 'ya'yan su girma su hayayyafa. Tana bin dashe daga gona zuwa gona, tana bin ruwan ban-ruwa, har laka a bakin fartanya tana ɗaukarta.

Amma ƙasa ba ta zauna hannu rabbana ba. A cikin dunƙulen da ka damƙa akwai mafarauta. Akwai tsutsar Mononchus mai haƙori a baki, wadda ke haɗiye ƙananan tsutsotsi ɗungurungum. Akwai fumfunar Arthrobotrys da ke shimfiɗa raga mai danƙo. Wata 'yar uwarta ma zarge take ɗanawa, tsutsa na zura kai sai zoben ya kumbura ya shaƙe ta kafin ƙiftawar ido. Tun 1888 Bajamushe Wilhelm Zopf ya ga wannan farauta. Mafarautan nan ba sa ga-maciji da juna, abinci ɗaya suke wawaso, wani lokaci ma tarkon fumfuna ya kama tsutsa mafarauciya. Wannan farautar ce ke hana tsutsa maɓarnaciya sakewa.

To, yanzu me muke yi? Kowace kasuwar ƙauye an jera guba a kwalba da leda, wata ma babu takardar bayani, yaro ya auna da murfi ya goya abin feshi. Furadan, wanda ƙwayarsa ɗaya kan kashe tsuntsu, Tarayyar Turai ta hana shi tun 2008, amma har yau akwai mai barbaɗa shi a kwami da hannu tsirara. Wallahi wannan ganganci ne! Guba ba ta tambayar wa ke tare da manomi. Tsutsotsi mafarauta suna yawo a fili tsakanin ƙwayoyin ƙasa, ga su da jinkirin haihuwa, su ke fara faɗuwa kuma su ke daɗewa ba su farfaɗo ba. Maɓarnaciya kuwa ta dawo ta tarar babu mai tare ta. Sai manomi ya ƙara magani baɗi, ya ƙara bashi.

Ku daina bin tumatir da tattasai da kuɓewa a fili ɗaya shekara da shekaru, ku ratsa da dawa ko gero. Ku duba saiwar dashe kafin ku biya kuɗi, mai ƙulli a ƙone shi. Ku mayar wa ƙasa takin gida da tunkuzar darbejiya, ku bar banka wa gona wuta. Kada wanda ya ƙara zuba guba a ƙasa sai malamin gona ya duba saiwar da idonsa.