3.2 Farfesa Donald Knuth: Tafarkin Aikinsa na Jami'a da Fagagen Bincikensa

A sashen da ya gabata an nuna cewa kimiyyar na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, sabon fanni ne a jami'o'i idan aka kwatanta shi da lissafi ko fizik. A ƙasar Amurka, Jami'ar Purdue ce ta fara buɗe wa fannin sashe na kansa a shekarar 1962, ita kuwa Jami'ar Stanford ta buɗe nata a 1965. Saboda haka farfesoshin farko ba su da digiri a fannin da suke koyarwa. Alal misali, John McCarthy, wanda ya ƙago harshen kwamfuta mai suna Lisp a 1958, a lissafi ya yi digirinsa na uku. Shi kuma Edsger Dijkstra na ƙasar Holan fizik ya karanta a Jami'ar Leiden. Tambayar da ta taso a nan ita ce, tunda ba su gaji tsarin karatun fannin daga wani malami ba, daga ina suka samo abubuwan da suka duƙufa a kan bincikensu? Wannan sashe zai duba amsar ta hanyar bin rayuwar ɗaya daga cikinsu, wato Farfesa Donald Knuth.

An haifi Donald Ervin Knuth a ranar 10 ga Janairu, 1938, a garin Milwaukee na jihar Wisconsin. Mahaifinsa malamin makaranta ne, yana kuma da ƙaramin wurin ɗab'i, abin da za a ga muhimmancinsa nan gaba. A 1956 ya shiga Kwalejin Fasaha ta Case a birnin Cleveland da niyyar karatun fizik, daga baya ya koma lissafi. A can ne ya fara sa hannu a kan na'urar IBM 650. Ƙwazon da ya nuna ya sa malamansa suka yanke shawarar ba shi digiri na farko da na biyu a lokaci guda a 1960. Daga nan ya wuce Kwalejin Fasaha ta Kalifoniya, inda ya kammala digiri na uku a lissafi a 1963 a ƙarƙashin kulawar Marshall Hall, aka kuma ɗauke shi aikin koyarwa a wurin.

Tun yana ɗalibi, a 1962, kamfanin ɗab'i na Addison-Wesley ya nemi ya rubuta littafi a kan manhajar tafinta. Ita wannan manhaja aikinta shi ne ta fassara umarnin da mutum ya rubuta zuwa lambobin da na'ura ke ganewa. Da ya fara tattara bayanai sai ya tarar cewa tubalan da ya kamata a ɗora bayanin a kansu ba a tsara su ba. Dabarun a warwatse suke cikin mujallu, kowane marubuci yana yabon tasa, babu ma'aunin da za a ce wannan ta fi waccan. Wannan giɓi shi ya zama fagen bincikensa na farko, wanda shi da kansa ya raɗa wa suna nazarin algoridim.

Abin da ake nufi da algoridim shi ne jerin matakai ƙayyadaddu da ake bi don warware wata matsala. Nazarinsa kuwa shi ne a ƙididdige da lissafi yawan matakan da zai ci, da yadda za su ƙaru idan aikin ya ƙaru. Misali, idan ana neman suna ɗaya a cikin jerin sunaye 1,000,000 da aka tsara bisa haruffa, mai bin su ɗaya bayan ɗaya zai iya duba dukkansu kafin ya samu. Amma wanda ya buɗe tsakiyar jerin, ya watsar da rabin da sunan ba ya ciki, ya ci gaba da yin haka, ba zai wuce dubawa 20 ba. Dukkan hanyoyin biyu suna kai wa ga amsa, sai dai nazari ne ke bayyana tazarar da ke tsakaninsu tun kafin a kunna na'ura.

Littafin da aka nema guda ɗaya ya kai shafi kusan 3,000 na rubutun hannu, har aka tsara fitar da shi cikin juzu'i bakwai da sunan The Art of Computer Programming. Juzu'i na ɗaya ya fito a 1968, na biyu a 1969, na uku a 1973. A ƙarshen shekarun 1960 ya koma Stanford a matsayin cikakken farfesa, sannan a 1974 aka ba shi lambar yabo ta Turing, wadda ita ce mafi daraja a fannin, yana ɗan shekara 36.

Idan da a ce tafarkin malamin jami'a miƙaƙƙe ne, da juzu'i na huɗu ne zai biyo baya. Ba haka abin ya kasance ba. A 1977 aka aiko masa da gwajin bugu na biyu na juzu'i na biyu. A lokacin maɗaba'u sun bar tsohuwar hanyar zuba haruffa da narkakkiyar darma, sun koma amfani da hoto, kuma sakamakon bai gamsar da shi ba, musamman wajen alamomin lissafi. Sai dai ya lura da wani abu: sababbin injinan ɗab'i suna gina kowane harafi ne da ƙananan ɗigo, wuri kaza a sa tawada, wuri kaza a bar shi fari. Ke nan ɗab'i ya zama lamarin sifili da ɗaya, wato ya faɗo cikin fagensa. Ya yi zaton zai gama aikin a cikin hutun bincikensa na shekara guda. A ƙarshe ya ci masa kusan shekara goma.

Daga wannan aiki ne manhajoji biyu suka fito: TeX, wadda ake furtawa "tek", mai tsara rubutu a kan shafi, da METAFONT mai zana siffar haruffa ta hanyar lissafi. Wani zai iya ɗaukar wannan a matsayin ratse daga bincike zuwa sana'ar maɗaba'a, amma idan aka duba abin da aikin ya haifar za a ga akasin haka. Shi da ɗalibinsa Michael Plass sun wallafa hanyar yanka layuka a 1981, wadda ke auna sakin layi gaba ɗayansa kafin ta zaɓi inda kowane layi zai tsaya, maimakon ta cika layi ɗaya ta wuce na gaba. Wani ɗalibin nasa, Frank Liang, ya yi digirinsa na uku a 1983 a kan yadda na'ura za ta raba kalma a ƙarshen layi. Haka kuma wahalar rubuta babbar manhaja ce ta sa ya fito da ra'ayinsa na 1984, cewa a riƙa rubuta manhaja tamkar ana yi wa mutum bayani, ba na'ura kaɗai ba. Wato matsala guda ta zahiri ta samar wa farfesa da ɗalibansa batutuwan bincike na shekaru.

Har ila yau, ya bar TeX kyauta ga kowa, kuma a kanta Leslie Lamport ya gina LaTeX, wadda masana lissafi da kimiyya ke amfani da ita wajen rubuta maƙalu. A nan akwai alaƙa da rubutun Hausa. Sanannen abu ne cewa masu buga kundaye da tafireta sun sha bin shafi da biro suna sa wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasa, domin na'urar ba ta da su. A 1989 Knuth ya sanar da faɗaɗa TeX daga alamomi 128 zuwa 256 domin harsunan da ba Ingilishi ba, sannan a farkon shekarun 1990 wani Bajamushe, Jörg Knappen, ya yi amfani da METAFONT ya zana haruffan harsunan Afirka, ciki har da waɗannan masu lanƙwasa.

Wani abin lura game da tafarkinsa shi ne yadda ya kare lokacinsa. Ya daina amfani da wasiƙar imel tun ranar 1 ga Janairu, 1990, ya kuma yi ritaya da wuri a farkon shekarun 1990 domin ya koma kan littafinsa. Bugu da ƙari, ya sa ladan dala 2.56 ga duk wanda ya fara gano kuskure a littattafansa, ya daɗe kuma yana aika cekin banki, kafin ya mayar da shi takardar shaida a 2008.

Ba za a ce wannan tafarki ba shi da hasara ba. Ma'aunin ƙarin girma a jami'o'i ya fi karkata ga yawan maƙalun da malami ya wallafa, kuma da wuya ƙaramin malami ya iya jingine babban aikinsa na tsawon shekara goma. Knuth ya iya yin haka ne saboda ya riga ya kai ƙololuwar muƙami. Masu jiran littafin ma sun ɗanɗana kuɗarsu, domin tsakanin juzu'i na uku da kashin farko na juzu'i na huɗu, wanda ya fito a 2011, shekara 38 ce cif. Kashi na biyu ya biyo baya a 2022. Shi kuwa bayani a kan manhajar tafinta, wanda dominsa aka fara neman littafin a 1962, an ajiye shi ne a juzu'in ƙarshe na tsarin, kuma har zuwa fitowar wancan kashi na biyu ba a kai gare shi ba.