Daga wagashi zuwa cutar sikila: Mene ne furotin?

Matan Fulani da ke kawo wagashi kasuwannin Sokodé da Dapaong suna ɗumama madara ne, su zuba mata ruwan tumfafiya, sai ta dunƙule. Abin da ke dunƙulewar furotin ne, wato sinadarin gina jiki da ke cikin madara, nama, wake da jinin ɗan Adam.

Furotin kamar carbi yake. Ƙwayoyinsa su ne ake kira amino asid, kuma iri 20 ne. Jiki na iya haɗa 11 da kansa, sauran tara kuwa dole sai daga abinci. Masara tana da ƙarancin ɗaya daga cikinsu, lisin, wanda wake ke da shi da yawa. Shi ya sa haɗa hatsi da wake ke da amfani ga yara.

Ƙwayoyin suna jeruwa bi da bi, sannan zaren ya naɗe ya ɗauki wata siffa. Jerin ne ke tsara siffar, siffar kuma ita ke ba furotin damar yin aikinsa. Ruwan tumfafiya na yanka zaren furotin ɗin madara, guntayen su manne da juna su zama wagashi.

A cikin jini, kuskuren ƙwaya ɗaya tak na iya jawo ciwo na tsawon rai. Haimogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin, yana da zare huɗu; biyu daga ciki na da amino asid 146 kowanne. A 1957 masani Vernon Ingram ya nuna cewa a jinin masu sikila, balin ne ke zaune a gurbi na shida maimakon gulutamik asid. Idan oksijin ya ragu, furotin ɗin sai ya manne da juna, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini.

Idan lisin ne ya shiga wannan gurbin, ana samun nau'in C, wanda ya yawaita a Burkina Faso, arewacin Ghana da arewacin Togo. Mai AS ko AC yawanci lafiyarsa ƙalau, amma idan suka yi aure, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar yaro mai SC, wanda shi ma nau'in sikila ne. Don haka ma'aikatan lafiya ke ba da shawarar gwajin jini kafin a sa ranar aure.