Matsalar kafireta da fulogi a tsohon babur

Kafireta ita ce ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, fulogi kuma shi ke ba da tartsatsin da ke kunna su. Idan tsohon babur, irin Jincheng ko Bajaj Boxer, ya ƙi tashi, su makanikai ke fara dubawa.

Alamomi

Launin bakin fulogi yana nuna halin injin. Ruwan ƙasa alama ce ta lafiya. Baƙi mai kunkunniya yana nufin fetur ya yi yawa. Fari yana nufin fetur ya yi kaɗan, abin da ke sa inji zafi har ya lalace.

Dalilai

A watan Nuwamba na 2019 gwamnatin tarayya ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka. A yankunan Jibiya irin su Bugaje, masu babur kan sayi mai wurin 'yan bumburutu, wanda wani lokaci ke ɗauke da ruwa ko datti. Wannan da ƙurar hunturu suna toshe ƙananan hanyoyin kafireta.

Gyara

Ana tsiyaye man kafireta, a wanke ta, a share matatar iska, sannan a goge fulogi ko a canza shi.