IDAN UWA KO UBA NA JINYAR CIWON DAJI, WA ZAI KULA DA YARA?

'Yan'uwa manoma, ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara, ba baƙo ba ne a ƙauyukanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2022 fiye da mutum 120,000 ne suka kamu da shi a Nijeriya, kuma wanda ya fi yawa shi ne na mama. Watau da yawa cikin masu jinyar nan iyaye mata ne masu ƙananan yara. Mun saba zuwa gaisuwa da addu'a a makon farko, wannan kuwa daidai ne. Amma jinyar nan doguwa ce, yaran gidan kuma suna bukatar ci kowace rana.

Abin da ya sa gida ke shiga wahala

Maganin ciwon daji iri uku ne galibi. Akwai aikin tiyata. Akwai magani mai ƙarfi da ake sa wa ta jijiya, wanda a asibiti ake ce masa kemo. Sau da yawa akan ba da shi bayan kowane mako 3, har sau 6 ko fiye, watau wajen wata 4 zuwa 6. Akwai kuma gashi da na'ura, wanda akan yi kwana 5 a mako, har mako 3 zuwa 7. Asibitocin da ke da na'urar gashi kaɗan ne, kamar Asibitin Koyarwa na Shika kusa da Zariya, da na Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Saboda haka mai ciwo yakan yi doguwar tafiya, wani babba kuma ya bi shi domin jinya. Manya biyu ke nan sun bar gida, hatsi da awaki kuma an sayar domin kuɗin magani.

Ba abin da ke sa uwa ta bar magani a tsakiya kamar labarin cewa 'ya'yanta suna kwana da yunwa. Maganin da aka yanke kuwa ba ya aikinsa sosai. Ashe wanda ya ciyar da yaran ya taimaki uwar ta gama maganinta.

Shirin da ƙungiya za ta yi

A cikin Ayyukan Manzanni sura 6, ekklisiya ta fari ta zaɓi mutum bakwai musamman domin rabon abinci na kowace rana. Mu ma kada mu bar aikin nan a hannun "kowa", gama aikin kowa ba na kowa ba ne.

1. A zauna da iyayen kafin tafiya, su zaɓi mutum ɗaya da yaran suka sani, kamar kaka ko gwaggo ko inna, wadda za ta riƙa kwana da su. Ya fi kyau yaran su zauna tare a gidansu da a rarraba su gida gida.

2. Zumuntar Mata ta rubuta sunayen gidaje 7, kowane gida da ranarsa ta kai abinci ko taya girki. A manna takardar a majami'a, a kuma sabunta ta kowane wata.

3. Da kaka, kowane ɗan ƙungiya ya zuba mudu ɗaya ko biyu na hatsi da wake a rumbun taimako, magatakarda ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.

4. Maza su yi gayya a gonar mai ciwo lokacin shuka da noma da girbi.

5. Kada a cire babbar 'yar gidan daga makaranta ta zama uwa. Aikin manya ne.

Abincin da yara ke bukata

Tuwo da koko tsirara suna cika ciki, amma ba su isa gina jiki ba. Kowace rana yaro ya sami abu daga kashi uku: mai ba da ƙarfi (gero, dawa, masara, doya, mai), mai gina jiki (wake, waken soya, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono), da mai kāre jiki (zogale, rama, alayyafo, kuka, kabewa, gwanda, mangwaro).

Ga garin kunu da ƙungiya za ta iya haɗawa daga amfanin gonarta: mudu 6 na gero ko dawa ko masara, mudu 3 na waken soya, mudu 1 na gyaɗa. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne dabam ba tare da mai ba, a cire ɓawon waken da na gyaɗar, sa'an nan a niƙa su tare. A ajiye a mazubi mai murfi. In za a dama, a yi shi da kauri yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba, a sa ƙaramin cokali na man ja ko man gyaɗa. Lalle a zubar da gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna, domin tana ɗauke da guba mai lahanta hanta, tana kuma hana yaro girma.

Cikin ƙaramin yaro ɗan kaɗan ne. Yaron da bai kai shekara 2 ba, in ba ya shan mama, ya ci sau 4 ko 5 a yini. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, babba ya zauna kusa da shi, gama in an haɗa shi da yayyensa ba zai sami rabonsa ba.

Jariri mai shan mama

Uwar da ke karɓar kemo ba ta shayarwa, domin maganin yana shiga ruwan mama. Wannan yaye ne na ba zata, yana da hatsari. Tun a 1935 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Akara ta ƙasar Gana, ta bayyana ciwon kwashoko da sunan da mutanen wurin ke kiransa, watau ciwon yaron da aka ture daga mama. Idan jaririn bai kai wata 6 ba, a kai shi asibiti a nuna wa mai renonsa yadda ake haɗa madarar jarirai da tafasasshen ruwa, a ba shi da kofi mai tsabta. In ya wuce wata 6, ana iya ba shi tafasasshiyar madarar shanu ko ta akuya tare da kunun nan.

Kowane wata a kai yaran da ba su kai shekara 5 ba awo, a riƙe katinsu na rigakafi. Ma'aikacin lafiya yakan auna damtsen yaro da ɗan tsiri mai launi: kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa, watau ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. In an ga ja, ko ƙafafu biyu sun kumbura, a tafi asibiti a ranar.

Sa'ad da mai ciwo ya dawo gida

Ciwon daji ba ya yaɗuwa ta taɓawa ko ta cin abinci tare. Wanda aka yi wa gashi daga waje ba ya cutar da kowa, yara su rungume shi. Amma kemo yana rage ƙarfin jiki na yaƙi da cuta, musamman kwana 7 zuwa 14 bayan karɓarsa. Yara su wanke hannu da sabulu, mai tari ko ƙyanda ko ƙarambau kuma a raba shi da ɗakin. In mai ciwo ya yi zazzaɓi, a kai shi asibiti nan da nan. Kada yara su kwashe amai ko su wanke tufafin da suka ɓaci a kwanakin farko, gama akwai sauran magani a ciki.

A gaya wa yara gaskiya daidai hankalinsu: Mama ba ta da lafiya, likitoci suna ba ta magani, ba laifin kowa ba ne, gashin da ya zube kuma zai sāke fitowa. A faɗa musu wanda zai kula da su gobe, a sa su gaisa da ita ta waya. In yaro ya koma fitsarin kwance ko ya yi ta rigima, damuwa ce, kada a doke shi.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta sa maganar nan cikin taronta na wata mai zuwa, ta zaɓi mace ɗaya da namiji ɗaya su riƙe aikin, tun kafin bukata ta zo. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu ƙarfin ɗaukar nauyin juna.