Ma'aunin zafi da gashin nama a Zangon Akra

Akra ita ce babban birnin ƙasar Gana. Tana bakin teku. A cikinta akwai unguwanni da ake kira Zango, kamar su Tudu da Nima da Mamobi. Fatake da ƴan kasuwa daga arewa sun daɗe da zama a waɗannan unguwanni. Shi ya sa ake jin Hausa a kasuwa da masallaci da tashar mota. Tudu tana kusa da babbar kasuwar Makola, kullum cike take da matafiya.

Da yamma ta yi, mahauta sukan hura gawayi a bakin hanya. Suna gasa tsire da balangu da kaji da zabi. Mutanen Gana suna kiran tsire cicinga. Ƙamshin ƙuli-ƙuli da yaji yana jawo mai wucewa tun daga nesa. Amma mai gashi da mai saye duka suna da tambaya guda: shin naman nan ya gasu har ciki?

Me ya sa ake gasa nama sosai?

Ɗanyen nama yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganin su. Ɗaya daga cikinsu sunanta salmonela, an fi samun ta a naman kaza. Tana kawo ciwon ciki da zawo da amai da zazzaɓi. Naman sa kuma yana iya ɗauke da ƴaƴan tsila. In mutum ya ci shi bai gasu ba, tsilar sai ta girma a hanjinsa.

A shekarar 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙiyasi. Ta ce kowace shekara mutum miliyan 600 suke rashin lafiya saboda gurɓataccen abinci. Wajen mutum ɗaya ke nan cikin goma. Mutum 420,000 suke mutuwa, 125,000 daga cikinsu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5.

Wuta tana kashe ƙwayoyin nan, amma sai zafinta ya kai tsakiyar nama. Zafi daga waje yake shiga, sannu a hankali. In wuta ta yi yawa, bayan kaza ya yi ja, har ya soma ƙonewa, alhali gindin cinya bai gasu ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne. Sai dai ido bayan nama kaɗai yake gani.

Awon zafi

Da mudu ake auna hatsi, da sikeli ake auna nauyi. Zafi kuma da digiri ake auna shi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, mai suna Anders Celsius, shi ne ya kawo awo mai daraja 100 a shekarar 1742. Da sunansa ake kiran awon, ana rubuta shi da harafin C. Ruwa yana zama ƙanƙara a digiri 0. A gari na bakin teku kamar Akra, yana tafasa a digiri 100. Jikin mutum mai lafiya wajen digiri 37 ne.

Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60. Wasu sukan riɓanya cikin minti 20 kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dafa abinci har ya kai digiri 70. Hukumar aikin gona ta Amurka kuma ta raba awon haka:

Kaza da sauran tsuntsaye: digiri 74.
Niƙaƙƙen nama: digiri 71.
Babbar tsoka ta sa ko ta rago: digiri 63, kuma a bar ta ta huta minti 3 kafin a yanka.

Ma'auni marar waya

Ma'aunin zafin nama ya yi kama da doguwar ƙusa. A kusa da tsininsa akwai wani ɗan abu mai jin zafi. Akwai ma'auni mai allura kamar agogo. Akwai mai doguwar waya da ke haɗe da ƙaramin akwati. Akwai kuma marar waya. Shi wannan yana da ƙaramin batir a cikinsa. Yana aika saƙo ta iska, kamar rediyo, zuwa salula ko wani ɗan akwati mai nuna lambobi.

Amfaninsa a fili yake. Ana soka shi sau ɗaya, a bar shi cikin nama har gashi ya ƙare. Mai gashi ba sai ya yi ta tsaga nama yana dubawa ba, romo yana zuba a wuta. Yana iya yanka albasa ko sallamar masu saye. Da zafi ya kai lambar da ya zaɓa, sai salula ta yi ƙara.

Ga yadda ake aiki da shi:

1. A cika batir, a wanke ƙusar da ruwa da sabulu.
2. A soka tsinin a inda tsoka ta fi kauri. A kaza, gindin cinya ne.
3. Kada tsinin ya taɓa ƙashi ko ya tsaya cikin kitse, don lambar ba za ta zo daidai ba.
4. Kada harshen wuta ya riƙa lasar kan ma'aunin, yana iya lalacewa.
5. In ya yi ƙara, a sake gwada wani wuri mai kauri kafin a sauke.
6. A cire shi da tsumma, don ƙarfen yana ƙuna. A sake wanke shi.

A kula da harafin da ke gefen lamba. Wasu ma'aunai suna nuna F, awon da ake aiki da shi a Amurka. Digiri 165 na F shi ne digiri 74 na C. Wanda ya ga 74 na F ya sauke kaza, ɗanye zai ba mutane. Ana kuma gwada gaskiyar ma'auni a kofin ruwa cike da ƙanƙara: ya kamata ya nuna 0.

Tsire yankansa siriri ne, ƙusar ba ta samun wurin zama. Ma'aunin ya fi amfani ga kaza sukutum, da zabo, da cinyar rago irin ta Babbar Salla.

In babu ma'auni fa?

Ma'auni marar waya yana da tsada, ba kowane gida ke da shi ba. Duk da haka akwai dabara. A gasa nama a kan garwashi, a riƙa juya shi, ba gaggawa. A tsaga wuri mafi kauri a duba. In da sauran ja, ko ruwan da ke fita yana da jini-jini, a mai da shi wuta. Kada a sa gasasshen nama a tiren da ɗanye ya zauna. Kada kuma ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba firji. Wanda ya kwana, a ɗumama shi har ya yi zafi ƙwarai kafin a ci.

Abin riƙewa

Zafin tsakiyar nama shi ke kashe ƙwayoyin cuta. Ma'auni yana faɗin zafin da ido ba ya gani. Rigakafi ya fi magani.

Kalmomi da Faransanci

ma'aunin zafi: le thermomètre
digiri: le degré
ƙwayar cuta: le microbe
tsila: le ténia
garwashi: la braise
mahauci: le boucher

Tambayoyi

1. Ku faɗi unguwannin Zango uku na birnin Akra.
2. Me ya sa kaza takan yi ja a waje alhali cikinta bai gasu ba?
3. A ina ake soka ma'auni a jikin kaza? Digiri nawa ake jira?
4. Ƙwayar cuta 1 tana zama 2 bayan minti 20. Nawa za ta zama bayan awa 1? Bayan awa 2 fa?
5. Ku tambayi wani mahauci na garinku yadda yake gane nama ya gasu. Ku rubuta amsarsa cikin jimla 3.