Aska Takwas

Yara, ran Salla ku dubi rigunan dattawan Ikara, ko Maƙarfi, ko Kudan. Adon nan mai tsini-tsini a gaban babbar riga shi ake kira aska takwas. Maɗinkan birnin Zariya sun shahara da shi.

Da fari mai zane yakan zana surar bisa ƙyalle. Sa'an nan maɗinki ya zauna a zaure da allura da zaren tsamiya, yana bin zanen sannu sannu, har watanni. In allura ta kauce, sai ya warware ya sake, gama ba ya son abin kunya ya fita daga hannunsa.

Keke ya fi sauri, amma rigar hannu ce ɗa kan gada. In yara ba su zauna sun koya ba, wa zai ɗinka ta gobe?