Kafin Ka Ɗauki Bulala, Ƙirga Awannin Barcin Ɗanka

Yaron da bai ƙoshi da barci ba, ba lallai ne a gan shi yana gyangyaɗi ba. Sau da yawa ƙiriniya ce ke ƙaruwa: kuka ba dalili, faɗa da ƙanne, malami na bayani hankalinsa na bakin taga. Sai iyaye su ce taurin kai ne, a nemo bulala.

Jariri sabon haihuwa bai san dare da rana ba. Sai ya kai wata biyu zuwa uku jikinsa ke fara sakin sinadarin melatonin da dare, wanda ke kawo barci. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, ɗan shekara 1 zuwa 2 na bukatar awa 11 zuwa 14 a kwana guda, har da na rana, ɗan 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Likitocin barci na Amurka sun ƙayyade wa ɗan 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12, matashi kuma 8 zuwa 10.

To, mu yi lissafi. Yarinya 'yar shekara tara ta dawo daga Islamiyya, an ɗora mata tallar dare, ba ta kwanta ba sai sha ɗaya, ga zafi ga sauro. Biyar na asuba an tashe ta. Awa shida ke nan. Ina sauran ukun? Gobe ta kasa hadda, a ce daƙiƙiya ce.

Lamarin matasa ya fi wuya, domin balaga kanta tana jinkirta lokacin jin barci, sannan ga waya a ƙarƙashin bargo da shayin dare. Ɓangaren ƙwaƙwalwa mai danne fushi da tsoro yana rauni idan barci ya yi ƙaranci, kuma bincike ya nuna rashin barci mai tsawo na ƙara haɗarin ciwon damuwa da fargaba. Ita ma damuwar tana hana barci, kowanne na rura wa ɗan'uwansa wuta.

Iyaye, a tsayar da lokacin kwanciya ɗaya kullum, a karɓe waya awa guda kafin nan, a ɗaura gidan sauro. Kada a ɗura wa yaro maganin mura ko na tari don ya yi barci. Wanda ke minshari kullum, numfashinsa na ɗaukewa cikin dare, ko matashin da ya yi makonni ba ya barci kuma ya daina walwala, a kai shi asibiti likita ya duba shi.